MALAM ABDULLAHI NA GWANDU DA KWANA UKUN DA YA YI A DAJI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ƴan'uwa Musulmi, da wuya a sami almajirin da ya zauna a zaure a ƙasar Kurfai ko Arewa ko Adar, har karatunsa ya kai ga nahawu da tafsiri, bai ji sunan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ba, ƙanen Shehu Usmanu kuma wazirinsa, Allah Ya yi musu rahama. An san shi da ilimi, an san shi da jaruntaka. Sai dai akwai wani al'amari a tarihinsa wanda masu ba da labari sukan wuce da sauri kamar suna jin nauyinsa, shi ne cewa a shekara ta huɗu bayan hijirar Shehu ya bar rundunar jihadi tana kan hanya, ya rabu da ƴan'uwansa, ya faɗa daji ya nufi gabas. Shi kansa bai ɓoye wannan ba, domin da hannunsa ya rubuta labarin a cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati. To, tunda mai abin bai ji kunyar faɗa ba, ya kamata mu tsaya mu dube shi da kyau.

An haifi Malam Abdullahi wajen shekara ta 1180 ta Hijira, wato 1766, cikin zuriyar Toronkawa waɗanda kakansu Musa Jakollo ya taso daga Futa Toro ya zauna a ƙasar Ƙonni. Wansa Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, ya girme shi da kimanin shekara 12. Mahaifinsu Muhammadu Fodiyo ne ya karantar da shi Alƙur'ani, da ya kai shekara 13 kuma ya damƙa shi a hannun Shehu. Daga nan bai sake rabuwa da shi ba. Ya yi karatu ga malamai da yawa, waɗanda ya jera sunayensu a littafinsa Ida'un Nusuki, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru, da Alhaji Muhammadu ɗan Raji wanda ya karantar da su Sahihul Buhari. Ya fi takwarorinsa ƙwarewa a harshen Larabci, har ya zama duk abin da ya faru ga jama'a, na farin ciki ko na baƙin ciki, sai ya tsara shi a ƙasida.

Ya raka Shehu yawon wa'azi a Kabi da Zamfara, yana tare da shi kuma a filin idi na Magami lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya ya nemi a sakar masa hanyar kira zuwa ga Allah kuma a sassauta wa talakawa. A nan ya dace a tuna wani abu da zai yi mana amfani a gaba. Shehu ma a ƙuruciyarsa ya taɓa bin Malam Jibrilu har Agadas da nufin su wuce aikin Hajji, sai malamin ya mayar da shi gida saboda bai nemi iznin mahaifinsa ba. Ke nan begen Makka da Madina tsohon abu ne a wannan gida, haka ma sanin cewa ana iya dakatar da mai kyakkyawar niyya saboda wani haƙƙi da ke kansa.

Da al'amura suka tsananta tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Malam Abdullahi ne farkon wanda ya yi wa Shehu mubaya'a, shi ne kuma ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto cikin watan Yuni na wannan shekara, inda Allah Ya ba su nasarar da ba wanda ya zata. Amma kafin shekarar ta ƙare aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa. An ruwaito cewa mutum wajen 2000 suka kwanta dama, cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Duk wanda ya san wahalar da ake sha kafin yaro ɗaya ya haddace izu sittin, zai gane abin da wannan adadi yake nufi. Waɗannan su ne abokan karatunsa, mutanen da suka fito domin Allah tun ba a san za a sami ko akuya ta ganima ba.

A 1805 ya ci Birnin Kabi, jama'a ta koma Gwandu da zama, ga yunwa ga ƙarancin abinci. A ƙarshen wannan shekara, kafin yaƙin Alwasa, ya ga abin da ya tsaya masa a rai. Rundunar da yake jagoranta ta auka wa garin Kwalde, alhali akwai amana tsakaninsu da mutanen garin, ta washe shi. Shi da Muhammadu Bello suka yi iyakar ƙoƙarinsu su hana, ba wanda ya saurare su. Ya so a koma gida tunda niyya ta ɓaci, aka rinjaye shi aka ci gaba, sai aka karya su a Alwasa, aka rasa mutum wajen 1000. Tun daga ranar ya fahimci cewa mutanen kirki suna ƙarewa a fagen fama, waɗanda suke cike gurbinsu kuwa da yawansu abin da ya kawo su daban ne.

A ƙarshen watan Rajab na 1222, wato kaka ta 1807, aka sake ɗaura yaƙi zuwa Alƙalawa, babban birnin Gobir. Suna kan hanya watan Sha'aban ya tsaya. A nan ne zuciyarsa ta raya masa ya bar ƙasa da dangi ya tafi Madina ga kabarin Manzon Allah (S.A.W.). Dalilan da ya bayar a bayyane suke: ya ga zamani ya canza, ƴan'uwa sun karkata ga duniya suna gasar mulki da dukiya da girma, an bar raya masallatai da makarantu. A ƙasidar da ya tsara a kan wannan tafiya ya yi kukan rashin abokansa da suka riga shi, ya kuma zargi waɗanda suka gaje su da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ado da dawakin sukuwa a gari, da cin rashawa. Maganganu ne masu zafi, daga bakin wanda yake na biyu a cikin jama'ar.

Amma abin da ya fi kama hankali, a ganina, shi ne bai fitar da kansa daga cikin zargin ba. Ya rubuta cewa ya san shi ne mafi sharrinsu, kuma abin da ya sami sauran shi ma ya same shi, saboda haka ya ga gudu ya wajaba a kansa. Mai karatu ya lura da wannan da kyau. Da ɓarnar wasu kaɗai ya gani, ai wa'azi ya ishe shi, ko ya kai ƙara wurin Shehu. Abin da ya tsorata shi shi ne ya duba zuciyarsa ya kasa rarrabe abin da yake yi domin Allah da abin da yake yi domin a ce waziri ya yi. Yana da shekara kimanin 41 a lokacin, shekarun da mutum kan waiwaya ya ƙidaya abin da ya shuka. A tsakiyar tambura da masu kirari ba zai iya jin amsar wannan tambaya ba, shi ya sa ya nemi inda babu kowa.

Ya shiga daji tare da abokai biyar. Suka kwana uku ba su ga ɗan Adam ba, ba su ga ko sawunsa ba, sai sawun giwaye masu yawa, har Allah Ya sauƙaƙa musu suka fito ga garuruwa. Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan dajin, a taƙaice, kamar yadda malamai kan taƙaita wahalar jikinsu. Mu da muke zaune a bakin daji mun san abin da ke cikin waɗannan kalmomi. Inda babu sawun mutum babu rijiya, babu wanda za a tambaya hanya, kuma in ɗaya ya kwanta ciwo ko maciji ya sare shi, sauran ne za su zaɓa tsakanin su ɗauke shi ko su bar shi. Ga namun daji. Ga shi kuma ƙasar tana cikin yaƙi, shi ne kuwa mutumin da ya karya Gobirawa a Tabkin Kwatto, da ƴan sintirinsu sun ci karo da shi da mutum biyar kacal da labarin ya ƙare a nan. Dazuzzukan wannan yanki, irin su Gundumi da Rugu, sun daɗe da mugun suna. Ko a 1824, bayan daula ta kafu, da Baturen Birtaniya Kilafatan zai ratsa Gundumi zuwa Sakkwato sai da mahaya suka yi masa rakiya, kuma duk da haka ƙishirwa ta galabaitar da ayarinsa.

Wannan kuwa farkon hanya ne kawai. Mai niyyar Hajji a wancan zamani sai ya ratsa Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, ko ya bi Sahara ta Fezzan zuwa Masar, tafiyar shekaru, wadda da yawa ba su dawo daga gare ta ba. Alhaji Umaru Futi, wanda ya bi ta Sakkwato bayan haka, sai a 1828 ya isa Makka, bayan kimanin shekara uku da barin gida.

Duk da zafin da zuciyarsa take ciki, Malam Abdullahi bai fita shi kaɗai ba. Ya san Manzon Allah (S.A.W.) ya tsoratar da mutum ya yi tafiyar dare shi ɗaya, ya nuna ayari ba ya cika sai da mutum uku, ya kuma umarci matafiya su shugabantar da ɗayansu. Ya san malamanmu na Malikiyya sun sanya amincin hanya cikin sharuɗɗan ikon zuwa Hajji. Kaɗaicin da yake nema na zuciya ne, kuma mutum biyar masu shiru ba su hana shi samuwa.

Ba shi ne farkon malamin da ya yi irin wannan fita ba. Imamu Gazali, yana kan ganiyar ɗaukakarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 suna gabansa, ya binciki niyyarsa ya tarar neman suna ya gauraya da ita, har harshensa ya ɗaure ya kasa karantarwa. A shekara ta 488, wato 1095, ya bar kujerarsa ya tafi Sham, ya riƙa kulle kansa a hasumiyar masallacin Dimashƙa, ya je Baitul Muƙaddas da Makka da Madina. Sai a 499 ya koma karantarwa a Naisabur. Shi ne kuma ya ware babi guda a Ihya'u a kan ladubban keɓewa, wani a kan ladubban tafiya, inda ya auna amfanin kowanne da cutarwarsa. Malamai sun daɗe suna cewa tafiya tana yaye lulluɓin halin mutum. Bambancin su biyun shi ne Gazali kujerar karatu ya bari, wadda ɗan'uwansa Ahmad ya riƙe masa, Malam Abdullahi kuwa runduna ya bari a kan hanyar yaƙi.

Wannan ne wurin da ke da wuya, kuma ba daidai ba ne mu rufe shi don girman mai shi. Gaskiya ne bai juya baya ranar gamuwa da abokan gaba ba, wanda shi ne babban zunubin da aka sani. Amma mutane da yawa sun fito ne saboda sun ga irinsa a gaba, kuma idan mai tsoron Allah ya janye daga wuri, ba kowa ke cike gurbinsa ba sai wanda ya gudu dominsa. Hadisai sun zo ta fuska biyu: akwai wanda ya yabi mai gudu da addininsa zuwa kan duwatsu lokacin fitina, akwai wanda ya fifita mumini mai cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu. Malam Abdullahi ya ɗauki na farko a ranar da ya shiga daji. Abin da ya same shi a Kano ne ya mayar da shi ga na biyu.

Ya iso Kano ba da daɗewa ba bayan faɗuwar Sarki Alwali, jama'ar Shehu sun karɓi gari, Malam Sulaimanu yana shugabanci. Mutanen Kano suka tare shi, suka hana shi wucewa, suka roƙe shi ya koya musu yadda za su tsayar da hukuncin shari'a, domin sun sami mulki a hannu ba su san yadda ake riƙe shi ba. Da ya duba sai ya ga irin abin da ya baro a baya, son duniya da gasar muƙami da kaɗe-kaɗe a ƙofar masu mulki. Ya faɗa musu a fili cewa wannan da yake gani a wurinsu shi ne abin da ya gudo dominsa. Ya ratsa dajin giwaye, ya sa ransa cikin haɗari, ya zo ya iske cutar ta riga shi isowa.

A nan ne tafiyar ta yi amfaninta, ko da yake ba ta hanyar da ya nufa ba. Mutumin da ya fito yana ganin ba shi da sauran abin yi a ƙasar Hausa sai ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ya bayyana haƙƙoƙin shugaba da na talakawa, da sharuɗɗan naɗa alƙalai da hakimai, da hukuncin ganima da baitulmali, da abin da ya halatta na siyasa da wanda bai halatta ba. Ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani. Ya ba da labari cewa sun tuba, sun farfasa kayan kiɗan da ya tarar da su, har kwarin gangunansu suka mayar abin zuba wa dawaki abinci. Sa'an nan ya juya yamma ya koma wurin Shehu. Ya gane cewa shi malami ne kafin ya zama sarkin yaƙi, kuma maganin da yake da shi ga ɓarnar da ta dame shi yana bakin alƙalaminsa. Daji ya ba shi shirun da ya ji ciwonsa, amma sai da ya tsaya gaban mutane masu bukatarsa ya san aikinsa.

Ina ganin wannan ya shafe mu a Kurfai fiye da yadda muke zato. Tafiya gadonmu ce, daga cin rani a Gana da Kwaddibuwa har zuwa Libiya, da haƙar zinariya a Jado tun 2014. Mafi yawa abinci suke nema, Allah Ya ba su. Amma akwai saurayin da ba yunwa ta kore shi ba, zuciyarsa ce ta ƙuntata, ya saɓa da mahaifi ko ya ji kunyar wani abu, sai ya bi dare ba sallama yana cewa zai je inda ba a san shi ba ya gane kansa. Akwai kuma almajirin da kan shiga halwa a daji ba da iznin wani shehi ba, ba mai kai masa ruwa, ba mai duba halinsa, wani ya dawo da taɓin hankali a ce aljannu ne. Sahara ba ta tambayar niyya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Dajin arewacinmu ma ya canza, tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a Abala da Banibangu a 2017. Wanda zai kafa hujja da Malam Abdullahi ya tuna cewa shi da ilimi ya fita, da abokai, da wurin da ya nufa, kuma da aka tsayar da shi da hujja ya tsaya.

Alƙalawa ta faɗi a 1808 a hannun rundunar Muhammadu Bello, aka kashe Yunfa. Malam Abdullahi ya ci gaba da jagorancin yaƙi ta yamma, a Dandi da Gurma har ƙetaren Kwara. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, ya ba Bello gabas, ya ba shi yamma, shi ya sa daga baya Sayi da Fulanin kudancin Dallol Boso, wannan kwari da Filinge take a arewacinsa, suke kallon Gwandu. Ya zauna a Boɗinga kusa da Sifawa inda Shehu yake. A nan ya tattara ƙasidunsa da labarinsu a Tazyinul Waraƙati a 1813, bai cire labarin gudunsa ba, bai kuma tausasa zargin da ya yi ba. Ya kammala babban tafsirinsa Liya'ut Tawili wajen 1816, wanda aka buga a Alƙahira a 1961 cikin juzu'i huɗu. Daga baya ya taƙaita shi a Kifayatu Lu'afa'is Sudan domin masu ƙaramin ƙarfi a karatu. Ya tsara nahawu a Bahrul Muhiɗ, sarfu kuma a Hisnur Rasin.

Jarrabawa ta biyu ta zo masa a 1817. Shehu ya rasu a Sakkwato ranar 20 ga Afrilu. Da Malam Abdullahi ya taso daga Boɗinga sai ya tarar an rufe ƙofar gari, an riga an yi wa Bello mubaya'a. Shi ne babba, shi ne wazirin farko, kuma abin ya yi masa ciwo. A wannan karon yana da uzurin fita ƙasa fiye da na farko, yana da mabiyan da za su ɗauki makami dominsa in ya so. Bai nufi daji ba, bai ja runduna ba. Ya koma Gwandu, ya rubuta Sabilus Salama a kan hukuncin shugabanci, ya yi shiru. Shekaru kaɗan bayan haka masu tawaye suka yi ƙarfi a Kalambaina kusa da Gwandu, Bello ya taho da runduna ya taimake shi aka ci garin. Da suka haɗu, Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi.

Daga nan ya sauke nauyin mulki a kan ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya duƙufa ga karantarwa da rubutu. Littattafansa na ƙarshe sun fi karkata ga gyaran zuciya, kamar Tahzibul Insani wanda ya yi a kan tsarkake mutum daga halayen Shaiɗan, wato tambayar da ta fitar da shi daga runduna a 1807 ita ce ya ci gaba da bincike a kanta yana zaune a zaurensa tsakanin almajirai. Ya rasu a Gwandu a farkon shekara ta 1245, wato 1829, a can kabarinsa yake. Bai sami zuwa Makka ba, bai ga Madinar da ya nufa ba, haka shi ma Shehu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba su ladan niyyarsu, amin.